Ido Ba Mudu Ba Ne, Amma Ya San Ƙima

Na yi shekaru ina kallon tsuntsaye a bakin kogin Isa, nan Yamai, da wani tsohon madubin hangen nesa da na saya a gwanjo. A hunturun bara wasu baƙi daga Turai suka zo neman tsuntsayen da ke barin ƙasarsu lokacin sanyi su sauka wajenmu, na yi musu rakiya kwana uku, su kuma suka riƙa ara mini madubansu masu tsada. Kafin nan na sha karanta sharhin da Turawa ke yi wa irin waɗannan madubai. Da na sa idona a ciki sai na gane awon da suke yi na ƙasarsu ne, bai dace da rana da ƙurar da muke ciki ba.

Mai karatu zai ga an rubuta 8x42 a jikin madubi. Lamba 8 na nufin yana kusanto da abu sau takwas, 42 kuma faɗin gilashin gaba ne a milimita. In ka raba 42 da 8 za ka samu 5.25, wato faɗin hasken da ke fitowa ya shiga idonka. A nan masu sharhi suka fi cika baki, suna yabon madubin da ke haske da magariba. To amma da tsakar rana ƙwayar ido tana tsukewa zuwa milimita 2 ko 3, sauran hasken kuwa a banza yake zubewa. A Jamus ko Ingila, inda gajimare ke rufe sama kuma duhun magariba ke ɗaukar lokaci kafin ya kammala, wannan yabo yana da tushe. Mu nan rana na faɗuwa duhu ke biyo ta, kuma haske ya yi mana yawa ne ma.

Inda na yarda da su shi ne faɗin gani. A nisan mita 1,000, Swarovski NL Pure 8x42 yana nuna faɗin mita 159, Zeiss Victory SF mita 148, Leica Noctivid kuma mita 135. Duk wanda ya taɓa bin tsattsewa da madubi tana tashi ya san amfanin wannan. Sai dai madubin da aka daidaita don hoto ya fito tas har gefe yakan sa wasu mutane jin jiri idan suna juya shi, kamar ƙasa na mirginawa. Lambar da ke kan takarda ba za ta faɗa maka ko kana cikinsu ba.

Ni da abu uku nake auna madubi. Na farko hankaka. Ka same shi a kan reshe, farar sama a bayansa, ka dubi inda baƙin gashinsa ya haɗu da farin ƙirjinsa. Madubi mai rauni zai zana masa layin shunayya ko kore a gefe, domin gilashin ya kasa tara launukan haske wuri guda. Madubin gwanjona yana yin haka har a tsakiya. Masu tsadar nan sai na kai hankakan can gefe sannan na ga alamarsa. A nan kam sun ci kuɗinsu.

Na biyu ranar la'asar a kan ruwa. Ka fuskanci yamma ka nemi zalɓe ko garken kirinjijiya a tsibiri, ka kula kada ka kai madubin kan ƙwayar rana, domin tana makantarwa. Tun 1935 Alexander Smakula na kamfanin Zeiss ya ƙirƙiro shafen da ke rage ƙyallin gilashi, amma har yau hasken da ke shigowa ta gefe yana iya yawo a cikin madubi ya lulluɓe hoto da wani farin hayaƙi. Na ga wannan a wani madubi mai tsada ƙwarai, na kuma ga wani mai matsakaicin kuɗi da bai yi ba. Masu sharhi sukan ba wannan matsala layi biyu su wuce, alhali ita ce ke hana mu gani kullum.

Na uku hazo da zafi. Daga hantsi iska kan fara rawa a saman yashi, kuma duk abin da ya kusanto da tsuntsu yana kusanto da rawar. Shi ya sa na fi son 8 a kan 10: hoto ya fi tsayuwa, karkarwar hannu ma ba ta fitowa sosai. Idan hazo ya sauka kuwa, babu gilashin da ke huda ƙura, mai tsada da mai araha duk gauraka ɗaya suke nuna maka, fari-fari. Ƙurar nan kuma ita ke kashe madubi, domin wanda ya goge gilashi da bakin rigarsa ya kankare shafen da ya biya kuɗi dominsa. A fara hure ƙurar tukuna.

Abin da ya sa na damu, akwai wani ƙanena mai raka baƙi da ke shirin sayar da babur ɗinsa, wai sai da babban madubi za a ɗauke shi gwani. Irin waɗannan madubai kuɗinsu yakan kusanci Yuro 3,000, kusan sefa miliyan biyu ke nan. Na ce masa: "Ƙanena, sun fi namu kyau, ban musa ba, musamman a gefen hoto da tsabtar launi. Amma a tsakiya, inda kake ɗora tsuntsu, ratar ba ta kai kuɗin babur ba." A kwana ukun nan shi ne ke fara ganin tsuntsu da ido tsirara, sannan ya nuna wa masu madubin inda za su duba.

Wanda ke da hali ya saya, ba laifi. Amma kafin ya biya, ya roƙi a bar shi ya fita da madubin bakin ruwa da la'asar, ya nemi hankaka.