Kyauta ko Aro? Sharhi a Kan Sakin Manhajar XenServer da Kamfanin Citrix Ya Yi a 2013

1.0 Gabatarwa

A watan Yuni na shekarar 2013 kamfanin Citrix na ƙasar Amurka ya ba da sanarwar cewa manhajarsa ta ciniki mai suna XenServer ta zama kyauta ga kowa, kuma ya buɗe asalin rubutunta domin duk mai so ya karanta, ya gyara, ya rarraba. An yi ta yabon kamfanin a wancan lokaci. Manufar wannan takarda ita ce ta auna wannan mataki da abin da ya biyo bayansa. Ra'ayin da zan yi ƙoƙarin kafawa shi ne, ba ranar da aka miƙa irin wannan kyauta ake sanin darajarta ba, sai ranar da mai kyautar ya sake shawara, a ga abin da ya saura a hannun waɗanda aka bai wa.

2.0 Aikin da Manhajar Ke Yi

Kafin mu shiga sharhi, ya kamata a san abin da ake magana a kai. Akwai wata dabara ta sa kwamfuta ɗaya ta yi aikin kwamfutoci da yawa a lokaci guda. Ana ɗora wata manhaja a kan na'urar, wadda za mu kira mai masauki, ita kuwa sai ta rarraba ƙwaƙwalwa da ma'adana da ƙarfin na'urar ga waɗansu kwamfutocin kwaikwayo, watau baƙinta. Kowane baƙo yana aiki kamar shi kaɗai ne a gidan, kuma idan ɗaya ya lalace sauran ba su san an yi ba. Amfanin haka a fili yake: ma'aikatar da za ta sayi na'ura goma sai ta sayi biyu, ta rage kuɗin wuta da na sanyaya ɗaki.

Dabarar ba sabuwa ba ce. Kamfanin IBM ya yi amfani da ita a manyan na'urorinsa tun cikin shekarun 1960, ya kuma fitar da VM/370 a 1972. Kamfanin VMware, wanda aka kafa a 1998, shi ne ya kawo ta ga ƙananan kwamfutoci ya mai da ita babbar kasuwa. A 2003 waɗansu masana a Jami'ar Kambirij ta Ingila, a ƙarƙashin jagorancin Ian Pratt, suka fito da mai masauki mai suna Xen, suka sake shi a buɗe bisa lasisin GPL. Daga baya suka kafa kamfanin XenSource, wanda Citrix ya saya a 2007 a kan kimanin dala miliyan 500. XenServer ita ce hajar da aka gina a kan Xen, aka ƙara mata kayan gudanarwa, ake sayarwa.

3.0 Kyauta da 'Yanci

A nan harshenmu ya yi mana rana. Turanci yana amfani da kalma guda ga abin da ba a biya masa kuɗi da kuma abin da ba a ɗaure shi ba, har ya sa Richard Stallman, wanda ya fara aikin GNU a 1983, ya sha bayani don raba ma'anonin biyu. Bahaushe kuwa bai taɓa haɗa kyauta da 'yanci ba. Manhajar kyauta ita ce wadda ba ka biya ba, amma mai ita yana iya hana ka gobe. Manhaja mai 'yanci ita ce wadda lasisinta ya ba ka ikon amfani da ita, da nazarin rubutunta, da gyara ta, da rarraba ta, kuma abin da aka riga aka saka a ƙarƙashin wannan lasisi ba ya karɓuwa.

Citrix ya bi matakan nan biyu ɗaya bayan ɗaya. A 2009 ya fitar da wani nau'i na XenServer kyauta, ya riƙe manyan ayyuka ga masu biya. A 2013, da fitowar XenServer 6.2, ya rushe bambancin da ke tsakanin nau'o'in, ya buɗe rubutun, ya ce ribarsa za ta fito daga kuɗin tallafi da kulawa. A watan Afrilu na wannan shekara kuma aikin Xen kansa ya koma ƙarƙashin Gidauniyar Linux.

4.0 Sharhi

4.1 Dalilin kyautar

Ruwa ba ya tsami banza. Kamfanin da ya zuba dala miliyan 500 bai saki hajarsa don tsabar alheri ba. A lokacin VMware ne ke riƙe da kasuwar manyan ma'aikatu. Microsoft ya shigar da Hyper-V cikin Windows Server tun 2008. KVM kuma ya shiga cikin zuciyar Linux a 2007, Red Hat ya sayi kamfanin da ya ƙirƙire shi a 2008. Watau an sa XenServer a tsakiya: a sama ga wanda ya fi ta karɓuwa, a ƙasa ga waɗanda ba a biya musu ko kwabo. Buɗe ta hanya ce ta neman jama'a da masu taya aiki. Ni ban ga laifi a nan ba, domin ciniki ba abin kunya ba ne, kuma niyyar mai bayarwa ba ta rage amfanin abin da ya bayar. Abin da ya dace a tuhuma shi ne yadda aka yi buɗewar.

4.2 Naƙasun buɗewar

Naƙasu na farko shi ne an buɗe rubutu, ba a buɗe mulki ba. Xen ya koma hannun gidauniya inda kamfanoni da yawa ke da baki, amma XenServer ta zauna a hannun Citrix. Shi ke yanke abin da zai shiga, shi ke haɗa faifan da ake saukewa, shi ke da sunan. Na biyu, waɗansu sassa ba a buɗe su ba, kuma haɗa cikakkiyar manhaja daga rubutun da aka saka ba aiki ba ne da kowa zai iya. Saboda haka yawancin masu amfani suka ci gaba da dogara ga abin da kamfani ya haɗa ya miƙo musu. A takarda suna da 'yanci, a aikace kuwa aro suke ci.

Ba a daɗe ba aka ga sakamakon haka. A 2015, da fitowar XenServer 6.5, rabe-raben nau'o'i na masu biya suka dawo. A watan Disamba na 2017, da fitowar 7.3, aka cire ayyuka masu muhimmanci daga nau'in kyauta. Cikinsu har da ƙaurar da ma'adanar baƙo yana cikin aiki, da daidaita ƙwaƙwalwa tsakanin baƙi, da tayar da baƙo a wata na'ura idan tasa ta mutu. Aka kuma taƙaita yawan na'urorin da za a iya haɗawa rukuni ɗaya zuwa 3. Wanda ya gina aikinsa a kan alkawarin 2013 sai ya wayi gari da zaɓi biyu: ya biya, ko ya zauna a kan tsohon nau'i. Zanen aro dai ba ya rufe katara.

4.3 Abin da bai karɓu ba

Sai dai adalci ya wajabta a faɗi ɗaya ɓangaren. Abin da Citrix ya saka a buɗe bai iya janye shi ba. Olivier Lambert na kamfanin Vates a Faransa ya ɗauki rubutun, ya nemi gudummawar jama'a a Kickstarter a farkon 2018, ya sami fiye da abin da ya nema, aka fitar da XCP-ng a watan Maris na wannan shekara tare da ayyukan da aka cire. A 2020 XCP-ng ta shiga ƙarƙashin inuwar aikin Xen a Gidauniyar Linux. Abin lura a nan shi ne, lasisin da kamfanin ya zaɓa da hannunsa shi ne ya ceci jama'a daga shawararsa ta baya. Wannan shi ne alherin matakin 2013 na gaskiya, ko da yake ba shi ne abin da aka fi yabawa a lokacin ba.

5.0 Kwatanci

Misalai biyu za su ƙara haska wannan batu. VMware ya ba da ESXi kyauta tun 2008 ba tare da buɗe rubutunta ba. Bayan Broadcom ya sayi kamfanin a watan Nuwamba na 2023, aka janye kyautar a Fabrairun 2024, aka maido ta a Afrilun 2025. A tsakanin nan ba wanda ya iya yin irin abin da Lambert ya yi, domin ba rubutun da za a ɗauka. Jira kawai aka yi.

A ɗaya gefen, kamfanin Innotek na Jamus ya saki VirtualBox bisa lasisin GPL a Janairun 2007. Sun Microsystems ya saye shi a 2008, Oracle ya sayi Sun a 2010. Manhajar ta sake ubangida sau biyu, amma gangar jikinta tana nan a buɗe. Duk da haka Oracle ya ware waɗansu ƙarin ayyuka cikin wani ƙunshi na dabam mai nasa lasisin, wanda masu amfani da shi don kasuwanci ke biya. Ko a nan ma sai an karanta sharaɗi kafin a yi godiya.

6.0 Kammalawa

Daga bayanan da suka gabata, hukuncina a kan matakin Citrix shi ne, ya yi rabin aiki, amma rabin da ya yi shi ne wanda ba ya warwaruwa. Ya cancanci yabo a kan lasisin, ya cancanci zargi a kan riƙe ragamar da kuma janyewar 2017.

Wannan ya shafe mu kai tsaye, domin jami'o'inmu da kwalejojinmu, waɗanda samun kuɗin waje ke yi musu wuya, su ne suka fi saurin rungumar duk abin da aka ce kyauta ne. Ina ba da shawara cewa kafin wani sashe ya ɗora ɗakin kwamfutocinsa ko bayanan ɗalibansa a kan irin wannan manhaja, a yi tambayoyi uku. Wane lasisi ne a kanta, kuma ya game dukkan sassanta? Wani dabam zai iya haɗa ta daga rubutunta ba tare da izinin kamfanin ba? Wa ke da ikon yanke shawara a kan makomarta, kamfani ɗaya ko jama'a? Idan amsoshin ba su gamsar ba, to a ɗauke ta a matsayin aro, a tanadi hanyar fita tun kafin mai abu ya aiko. Daɗin daɗawa, wajibi ne mu koya wa ɗalibanmu karanta rubutun manhaja da haɗa ta, domin 'yancin gyara ba ya amfanar wanda bai iya gyaran ba.