Takobi da Imani: Nazari kan Tsaftatattun Labaran Almara na Turawa

A kasuwar littattafai ta Ingila da Amurka akwai wani rukunin ƙagaggun labarai da iyaye da makarantun coci ke nema ruwa a jallo. Labarai ne na zamanin sarakuna da barade, zamanin ganuwa da sulke da takobi, cike da dodanni da matsafa, amma babu batsa a cikinsu, babu ashar, ba a kuma baje kolin jini. Imani da Allah shi ne ginshiƙinsu, ko a fili ko a ɓoye.

Salon ya daɗe. A 1678 John Bunyan, mai wa'azin da ya sha zaman kurkuku a Bedford, ya fitar da The Pilgrim's Progress, inda ya mayar da rayuwar mai imani doguwar tafiya mai ratsa fadama da kurkukun wani ƙato. A 1858 George MacDonald ɗan Sikotilan ya wallafa Phantastes, littafin da ya girgiza C. S. Lewis tun yana saurayi. Amma waɗanda suka kafa salon da ƙafafunsa malaman Jami'ar Oxford ne guda biyu, Lewis ɗin da amininsa J. R. R. Tolkien, kuma kowa da hanyar da ya bi.

Lewis bai ɓoye manufarsa ba. A littattafan Narnia guda bakwai, waɗanda suka fito daga 1950 zuwa 1956, zaki Aslan yana tsaye ne a matsayin Almasihu yadda Kiristoci suka yi imani da shi: ya ba da ransa fansar yaro Edmund da ya ci amanar 'yan'uwansa, sannan ya tashi. Tolkien kuwa, ɗan Katolika mai riƙo da ibada, ya ƙi jinin labarin da kowane abu a cikinsa ke wakiltar wani abu. A The Lord of the Rings na 1954 da 1955 da kyar za ka ga ana ibada. A wata wasiƙa ta 1953 ya bayyana wa wani abokinsa cewa da gangan ya cire ambaton ibada, domin addinin ya riga ya narke cikin labarin kansa.

Abin da ya kamata a lura da shi, wanda magadansu da yawa suka tsallake, shi ne mutanen nan biyu sun san yaƙi da idonsu. Tolkien ya halarci gumurzun Somme na Yaƙin Duniya na Farko a 1916, ya rasa aminansa biyu na makaranta a shekarar. Lewis ya ji rauni kusa da Arras a 1918. Don haka ba rashin sanin mugunta ne ya tsaftace alƙalaminsu ba, kunya ce da kawaici. Dubi yadda Lewis ya ba da labarin kisan Aslan. An ɗaure shi, an aske masa geza, an yi masa ba'a, mai karatu ya ji duk wannan wulaƙanci har cikin ƙashinsa. Da aka ɗaga wuƙa sai 'yan'uwan Edmund mata biyu da ke leƙe suka rufe idanunsu, marubucin ma ya kawar da kai tare da su. Ba a nuna sukar ba, amma ba a rage wa mutuwar nauyi ko ƙwayar zarra ba.

Tolkien ya ma fi zurfafawa. A The Lord of the Rings, jarumi Frodo ya ɗauki zoben sharri ya kai shi bakin wutar da za ta narkar da shi, a nan ne kuma zuciyarsa ta ci amanarsa, ya ce zoben nasa ne. Abin da ya ceci duniya shi ne tausayin da aka sha nuna wa Gollum, wata halitta mai kwaɗayin zoben, a baya, lokacin da ake da damar kashe shi aka ƙyale shi. Wannan darasi ne na addini mai nauyi, cewa ƙoƙarin ɗan'adam na da iyaka kuma rahama ba ta faɗuwa ƙasa banza, ga shi an isar da shi ba tare da huɗuba ba.

Daga baya kasuwa ta sauya. George R. R. Martin ya fitar da A Game of Thrones a 1996, shirinsa na talabijin ya fara a 2011, tsiraici da yankan rago suka zama ruwan dare a labaran barade. Masu gudun wannan suka nemi mafaka. Tun a 2008 Jeff Gerke ya kafa Marcher Lord Press don almarar Kiristoci zalla, kamfanin da ya koma Enclave Publishing, kuma a shekarar ne Andrew Peterson ya fara jerin Wingfeather. Buƙatar gaskiya ce, ina kuma girmama ta. Akwai wanda ya tsira daga tashin hankali, ba ya iya karanta bayanin kisa ya yi barci. Akwai uwar da ke son miƙa wa ɗanta littafi hankalinta kwance.

Damuwata ita ce yadda ake auna tsaftar. An mayar da ita lissafin abin da babu: ashar nawa, sumba nawa, jini nawa. Marubucin da ke tsoron wannan ma'auni sai ya cire jarrabawar gaba ɗaya, jaruminsa ba ya shakka, ba ya faɗuwa, da ya ɗaga hannu sai abokan gaba su watse. Masu karanta littattafan yaƙi na Hausa sun san wannan rauni, inda sadauki ke ambaton sunan Allah tsafin boka ya rushe nan take, babi bayan babi, har ka daina jin tsoro dominsa. Mu ma fa muna da gadonmu a wannan fage tun daga Ganɗoki na Bello Kagara a 1934 da Iliya Ɗan Maiƙarfi na Ahmadu Ingawa.

Akwai kuma tambayar da ma'aunin ba ya yi: tsafta a idon wa? A littattafan Narnia biyu, The Horse and His Boy da The Last Battle, Lewis ya zana mutanen Calormen masu duhun fata da rawani da lanƙwasassun takubba, masu cinikin bayi da bautar wani gunki mai suna Tash. Ba Musulmi ya kira su ba, ya kuma fitar da nagari a cikinsu, yarinya Aravis da soja Emeth wanda Aslan ya karɓa saboda gaskiyar zuciyarsa. Duk da haka kamannin na mutanen Gabas ne, kuma yaron Kano ko Damagaram da ya saba ganin rawani a kan kakansa zai gane ɓangaren da aka ajiye masu kama da shi. Babu jerin tantancewar da ke ƙirga wannan, alhali ga mai karatu mai raunin zuciya yana iya fin kalmar ashar ciwo.