Tuban Minti Biyar: Fim ɗin Masu Laifi a Idon Mutumin Bakin Iyaka

Duk wanda ya saba kallon finafinan Hausa masu labarin ɓarayi, 'yan daba da 'yan damfara ya san inda suke tiƙewa. Asiri ya tonu, a sa ankwa, mai laifi ya durƙusa gaban mahaifiyarsa yana hawaye yana cewa sharrin Shaiɗan ne. An kwashe awa biyu ana nuna daɗin kuɗin haram, sai a bar wa nadama minti biyar. Wannan rabo bai yi adalci ba, kuma shi ne babban raunin irin waɗannan finafinai.

Marubutan farko ba haka suka yi ba. A Jiki Magayi na John Tafida da Rupert East, wanda ya fito a shekarun 1930, Kyauta ya zama ɓarawo har ya kashe mahaifinsa bai sani ba, nadamarsa kuwa ba ta dawo da wanda ya mutu ba. Kitsen Rogo na Abdulƙadir Ɗangambo ya bi yaron ƙauye da ruɗin birni ya jefa cikin miyagu, taki-taki. Ƙarshen Alewa Ƙasa na Bature Gagare, na 1982, bai sassauta wa kowa ba. Da harkar ta koma fim, daga Basaja da Gwaska na Adam A. Zango zuwa shiri mai dogon zango A Duniya, sai ƙwarewar mai laifi da iya takunsa suka fi jan ido. A 2021 Hukumar Tace Finafinai ta Kano ta hana nuna garkuwa da mutane, shaye-shaye da ƙwacen waya. Ina fahimtar tsoron da ya sa haka. Amma hani yana rage abin da ake gani ne, ba ya ƙara wa labari zurfi.

Zurfin nan yana wurare irin Bagudo a jihar Kebbi, inda Tsamiya da Lolo suke kallon Jamhuriyar Benin. Akasarin mutanen yankin manoma ne, masunta da makiyaya masu cin halaliyarsu a gaɓar kogin Kwara. Sai dai sun ga yadda kwaɗayi yake shiga gida. A Agustan 2019 gwamnatin Buhari ta rufe iyakokin ƙasa, a Nuwamba kuma aka hana kai mai gidajen man da ke cikin kilomita 20 daga iyaka. Shinkafa 'yar waje ta yi tsada a nan, fetur ya yi daraja a can. Saurayi mai babur ya ɗaure jarkoki da igiyar roba, ya bi hanyar daji bayan isha'i ba fitila, don gudun 'yan kwastan. Da farko kuɗin sadaki yake nema. Ya samu, sai ginin ɗaki. Daga nan wani alhaji ya ba shi ƙunshin da aka ce kada ya buɗe. Kullum bakinsa na cewa wannan ce tafiya ta ƙarshe, kuma har zuciyarsa haka yake nufi. Kwaɗayi mabuɗin wahala ne, gaskiya, amma a hankali yake buɗe ƙofar. Finafinanmu sun fi son mugun da aka haifa da mugunta, domin shi ba ya tilasta wa mai kallo ya dubi kansa.

Sai batun sake rayuwa. A fim, wanda ya yi ɓarna yakan tattara jakarsa ya bar gari, a nuna shi a wata ƙasa ya zama sabon mutum. Mutumin Illo da ke Bagudo ya san abin ba haka yake ba. Yarjejeniyar Ingila da Faransa ta 1898 ta raba ƙasar Borgu ta wannan yanki biyu, amma ba ta raba zumunta ba. Wanda ya tsallaka zuwa Segbana ko Malanbil a Benin zai tarar da Dandawa, Fulani da Hausawa da suka san ubansa, ranar kasuwa kuma labarinsa ya iso shi. Naira ce kawai ta koma sefa a aljihunsa.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda ake yanke tuba gunduwa-gunduwa. Malamai sun bayyana sharuɗɗansa: barin laifin, nadama, ƙudurin ba za a koma ba, sannan mayar da haƙƙin mutane. Na ƙarshen nan shi ne mai ciwo, shi ne kuma finafinai suke yawan tsallakewa. Ina gonar da aka cinye wa marayu? Ina matar yaron da aka tura da kaya bai dawo ba? Tubabben da zai sayar da gidansa ya biya, ya koma noman albasa a fadama ana nuna shi da baki, surukai na janye jiki, tsofaffin abokan harka na kiran wayarsa, labarinsa ya fi na ranar kamu nauyi nesa ba kusa ba.

Ina roƙon marubutan Kannywood su fito daga lungunan Kano su zo bakin iyaka su saurari mutane, su ba shekarun bayan tuba rabin fim ɗin, ba minti biyar na ƙarshe ba.