Masu Dashe a Taɓon Teku: Yadda Mutanen Gazi Ke Renon Dajin Mikoko

Mai dashen mikoko a ƙauyen Gazi da duban wata yake fara aikinsa. Gazi na bakin Tekun Indiya ne, a gundumar Kwale da ke kudancin Kenya, tafiyar kimanin kilomita 50 daga Mombasa. A can ruwan teku kan ciko sau biyu ya janye sau biyu a kwana guda, kuma cikowar yau kan yi jinkirin kusan minti 50 a kan ta jiya. Idan wata ya tsaya, ko ya kai daren sha huɗu, ruwan kan hau sosai har ya leƙa lungunan da ya kwana biyu bai shiga ba, sannan ya ja da baya can nesa ya bar fili fetal na taɓo. Masunta na kiran waɗannan kwanaki bamvua da harshen Suwahili. Wajen bakwai ga wata da ashirin da biyu kuwa sai ruwan ya yi sanyin jiki, bai hau can ba, bai sauka can ba. Wannan shi ne maji mafu. Duk wanda zai shiga daji da buhun iri a ka dole ya san a wane kwana yake, domin filin da zai yi aiki a kai aro ne na awoyi kaɗan, mai shi na nan tafe.

Mikoko itatuwa ne da ke rayuwa a cikin ruwan gishiri, a daidai inda ƙasa da teku ke haɗuwa. Turawa na ce musu mangurof. Najeriya ce ta fi kowace ƙasa a Afirka yawansu, a yankin Neja Delta, ko da yake yawancinmu na Arewa ba mu taɓa sa su a ido ba. A tsakanin saiwoyinsu ƙananan kifaye da jatan lande ke fakewa har su yi ƙwari, kuma su ne ke karya ƙarfin igiyar ruwa kafin ta iso gidajen mutane. Itacensu na da tauri, gara ba ta cinsa da sauƙi, shi ya sa aka shafe ɗaruruwan shekaru jiragen ruwa na jigilar sandunansa, waɗanda ake kira boriti, zuwa ƙasashen Larabawa don rufin ɗaki. A shekarun 1970 an yi wa wasu sassan dajin Gazi aski ƙwal don samar wa masana'antu makamashi, kuma akwai wuraren da tun daga lokacin ba su sake tsirowa da kansu ba. A 1991 James Kairo, masani a cibiyar binciken teku da kifi ta Kenya, ya soma gwajin dashe a wurin tare da mutanen gari. Daga wannan tushe ne shirin Mikoko Pamoja, wato mikoko tare, ya kankama a 2013, inda ƙauyukan Gazi da Makongeni suka ɗauki amanar hekta 117 daga cikin kusan hekta 615 na dajin.

Kafin a taɓa iri, sai an karanta wuri. Yadda manominmu ya san shinkafa ta fadama ce, gero na jigawa, haka mutumin Gazi ya san kowane irin mikoko da mazauninsa, sai dai shi bambancin tudu da kwarinsa wani lokaci bai wuce taƙi ɗaya ko biyu ba. Kenya na da iri tara. Mlilana ne ke tsayawa a sahun gaba yana fuskantar teku, ruwa na shanye gindinsa kowace rana. Mkoko, wanda dajin ya ci sunansa, ya fi son taɓo mai laushi na bakin ƙoramu, inda yake kafa saiwoyi masu lanƙwasa daga jikin gangarsa zuwa ƙasa. Mkandaa na ɗan sama da nan. Mchu kuwa shi ke jure wurin da ruwa ba ya kaiwa sai a kwanakin bamvua, inda rana ke ƙafar da ruwan ta bar gishiri zalla. Yana fitar da gishirin ta ganyensa, har mutum ya shafa ya ga farin gari a yatsa. Duk cikinsu babu mai son ya dawwama a nutse. Ƙa'idar masana ita ce wurin da ya dace da mikoko ba ya wuce kashi ɗaya cikin uku na lokacinsa a ƙarƙashin ruwa.

To, yaya ake gane wannan ba tare da na'ura ba? Ana kafa sanda a bar ta, a dawo bayan ruwa ya janye a duba inda danshi ya tsaya a jikinta, a sake dubawa a wani kwanan wata daban. Ana duba itacen da ke raye mafi kusa, a ga tsayin ƙasar da yake kai, a nemi daidai da shi. Ana taka taɓon da ƙafa: wanda ya haɗiye mutum zuwa gwiwa daban, wanda ya yi tauri ya tsattsage daban. Ana kuma duba ko akwai 'yan tsiron da suka fito da kansu. In akwai su da yawa, gwani ba ya dashe a nan sam. Tsaro kawai wurin ke bukata. In babu ko ɗaya, sai ya tambayi kansa dalili. Watakila yashi ya toshe hanyar da ruwa ke shigowa da iri, sai a buɗe ta da shebur, ruwa ya yi sauran aikin.

Irin mkoko abin kallo ne. Ba ya jiran ya faɗo ƙasa kafin ya tsira. Tun yana rataye a jikin uwarsa yake fitar da wani dogon kore mai tsini, wanda kan kai kamu guda ko fiye. Mai tsinka yana duba wuyansa ne, daidai inda ya haɗu da 'ya'yan itacen. Idan wani zobe mai ruwan ɗorawa ya bayyana a nan, ya nuna, kuma da an ɗan girgiza reshe zai saki. Wanda sai an fizge shi da ƙarfi ɗanye ne, asarar wahala kawai. Wanda aka tsinta a ƙasa ana juya shi a hannu a nemi 'yar huda, domin akwai wani ƙaramin ƙwaro da ke shiga ya cinye cikinsa ya bar bayansa lafiya lau. Abin da aka tara a inuwa ake ajiye shi, a rufe da jiƙaƙƙen buhu, kada rana ta gan shi.

Dashen kansa ba ya cin lokaci. Ana jan igiya mai ƙulli-ƙulli don layi ya miƙe, a bar tazarar mita ɗaya zuwa biyu. Mutum ya riƙe irin tsininsa na kallon ƙasa, ya soka kimanin kashi ɗaya cikin uku na tsawonsa, ya danne gefe da diddige. In bai nutsa sosai ba ruwan yamma zai tafi da shi, in ya nutsa fiye da kima ba zai sami numfashi ba. Wahalar tana ga tafiyar: kowane taku sai an zaro ƙafa daga laka, ga kaifin ɓawon kawa da ke manne a saiwoyi, ga sauro, ga ido ɗaya kullum yana kan bakin ruwa.

Mchu da mlilana ba sa karɓar wannan hanya, don irinsu ƙanana ne, ruwa zai kwashe. Su reno ake yi musu a cikin leda da aka cika da taɓon dajin, a jera a wani lungu mai inuwa inda cikowar teku ke shayar da su ba tare da kowa ya ɗauki bokiti ba. Sai sun yi watanni sun yi ganye da ƙwari ake kai su mazauninsu, a yanke ledar a hankali don kada ƙasar da ke riƙe da saiwa ta warwatse. Daga nan sai zirga-zirga: a cire ciyawar teku da tarkacen roba da suka naɗe tsiro suna kayar da shi, a ga wanda ƙaguwa ta datse a maye gurbinsa. Su ma mutanen Gazi ba kullum suke dacewa ba. Dashen mlilana da suka yi a gaɓar da ta riga ta zaizaye ya sha dukan igiyar ruwa, da yawa bai yi rai ba, sai da suka sake lissafi.

Amfanin duk wannan natsuwa yana fitowa ne idan aka dubi inda aka yi gaggawa. Bayan ambaliyar tsunami ta 2004 an zuba kuɗi mai yawa a dashen mikoko a Siri Lanka. Da masu bincike suka bi wurare 23 da aka yi aikin, a rahoton da suka fitar a 2017, tara daga ciki ko tsiro ɗaya bai rayu ba, uku kacal ne fiye da rabin dashensu ya tsira. Babban dalili shi ne an soka iri a inda tsayin ƙasa da ruwa ba su dace ba. Mu ma nan mun san irin wannan biki: manya su zo da manyan riguna, a dasa, a ɗauki hoto, a watse, awaki su ƙarasa.

Sashen aikin da ya fi burge ni shi ne awo. An keɓe wasu filaye a cikin dajin, kowanne mita 10 tsawo mita 10 faɗi, kuma su ɗin dai ake komawa lokaci bayan lokaci. Kayan aikin ba su da yawa: tef ɗin awo, doguwar sanda mai alamomi, fensir da takarda. Ana auna kaurin kowane itace a tsayin mita 1.3 daga ƙasa, wato daidai ƙirjin mutum. Amma mkoko ba shi da gangar jiki ɗaya a wannan tsayi, saiwoyi ne birjik, don haka shi ana hawa a auna ɗan sama da saiwarsa ta ƙoli. Ana rubuta irin itacen da tsayinsa, a ƙirga 'yan tsiro, sannan a ƙirga kututture, domin sabon kututture shaida ce cewa wani ya shigo da gatari. Daga kauri da tsayi ake lissafa nauyin itace, daga nauyin kuma a fitar da yawan kabon da ya zuƙe daga iska ya adana.

Mafi yawan ajiyar ma ba a sama take ba. Taɓon da ke jiƙe kullum ba shi da iskar da ƙwayoyin ruɓarwa ke bukata, saboda haka ganye da matattun saiwoyi kan taru a ciki shekara da shekaru ba su ruɓe ba. Wani bincike da aka wallafa a 2011 kan dazuzzukan mikoko na yankin tekunan Indiya da Pasifik ya sami kimanin tan 1,000 na kabon a kowace hekta, akasarinsa a cikin ƙasa. In aka sare dajin, taɓon ya bushe ko ya zaizaye, ajiyar ta koma iska.

Wannan ajiya ce Mikoko Pamoja ke sayarwa, kusan tan 3,000 na iskar kabon a shekara, ga kamfanoni da mutanen da ke son biyan diyyar hayaƙin da suke fitarwa. Tsarin Plan Vivo ne ke tantance lissafin, wata ƙungiyar agaji ta Sukotlan mai suna ACES kuma ke haɗa su da masu saye, kuma in awo ya nuna ba a cika alkawari ba, kuɗin kan ragu. Ana iya yin muhawara a kan ko ya dace mai gurɓata iska ya sayi wankin laifinsa, ni ma ina da ja a kai. Amma abin da kuɗin ya yi a Gazi a fili yake. Ba su mai da kowa attajiri ba. A taron gari ake yanke inda za su tafi, kuma sun tafi ga ruwan sha, littattafan makaranta da gyaran ajujuwa. An kuma lura cewa hana mutum sara ba ya ɗorewa in bai da abin rufin ɗaki da na girki, sai aka dasa gandun mvinje, wani itace mai saurin girma, a kan tudu. Masu sintiri 'yan gari ne, suna aiki tare da jami'an hukumar gandun daji ta Kenya, bisa tsarin da ya samo asali daga dokar 2005, wadda ta ba ƙungiyoyin al'umma damar shiga kula da daji.

A 2017 shirin ya sami kyautar Equator ta Majalisar Ɗinkin Duniya. A 2019 ƙauyukan Vanga, Jimbo da Kiwegu, can kusa da iyakar Tanzaniya, suka ɗauki wannan tsari suka kafa nasu a kan hekta 460, kusan ninki huɗu na abin da Gazi da Makongeni suka fara da shi.