Maho da saƙar huji: nazari kan gyaran safa a Mirriya

Safa baƙuwa ce a Damagaram. A zamanin Sarki Tanimun, lokacin da ayarin fatake ke haɗa Zinder da Tarabulus, abin da malamai da mahaya suka sani shi ne huffi na fata, aikin dukawa. Safar zare ta yaɗu bayan shigowar Faransawa a 1899, ta hanyar kakin soja da kayan ƴan makaranta. Shi ya sa gyaranta bai samu masu sana'a na kansa ba. Dabarun gyaran riga da na huffi aka aro mata.

Gyaran huffi yana da dalili na addini. A fiƙihun Malikiyya, kamar yadda ya zo a Muhtasar Halil da ake karantawa a zaurukanmu, ba a shafa a kan huffin da ya yage kimanin sulusin ƙafa. Don haka malami ba ya jira huji ya girma kafin ya kai wa baduku, wanda zai yanko ƴar fata ya ɗinke da basilla.

Gyaran tufa kuwa iri biyu ne. Na farko maho: a yanko ƙyalle a ɗora kan yagar a bi gefensa da ɗinki. Yana da sauri, amma a diddigen safa yakan yi tudu ya ci ƙafa cikin takalmi. Na biyu saƙar huji, wanda ya fi wuya. Ana cusa wani abu mai santsi da kumburi cikin safar, kamar ƙaramin ƙoƙo ko mataccen ƙwan lantarki, don bakin hujin ya buɗe daidai. Sai a jera zare a tsaye, ana somawa daga inda tufar ke da sauran ƙarfi, sannan a ratsa da allura a kwance, sama da ƙasa, har ramin ya cike. Ba a ƙulli, ba a ja da ƙarfi, in ba haka ba wurin ya tattare. Turawa sun sassaƙa wa wannan aiki ƙwan katako na musamman, mu kuwa duma ya wadatar.

Me ya sa aikin ke ja da baya? Wanda ya zaga kasuwar Mirriya ran Lahadi, ko Kasuwar Dole a Zinder ran Alhamis, zai ga tarin safar gwanjo da ta Sin a shimfiɗe, musamman da hunturu. Kuɗinta bai kai wahalar zaman saƙa huji ba. Yawancinta kuma zaren roba ne mai taushi, in ya soma warwarewa ba ya riƙe ɗinki. Tela mai yawo da keke a ka, yana kaɗa almakashi, zai ɗinke maka wando nan take, amma kekensa ba ya shiga diddigen safa.

Abin lura shi ne, mutane ba su daina gyara ba, zaɓe suke yi. Babbar riga mai aiki, hular da aka daɗe ana ɗinkawa da hannu, da huffin malam har yau ana kai su gyara, domin an san hannun da ya yi su da kuɗin da suka ci. Karin maganar "da tsirara gara baƙin bante" ta fito daga zamanin da kowane ƙyalle sai an kaɗa, an saƙa. Darajar tufa ce ke raya sana'ar gyaranta, kuma safa ba ta taɓa samun wannan daraja a Damagaram ba.