Jinjina ga masu haƙar kabari

A maƙabartun Funtua da Malumfashi, kabarin babba da na manomin auduga tudun ƙasa iri ɗaya ne, sau da yawa ba allo ba suna. Yankin nan ya fitar da Wada Nas, ministan zamanin Abacha, da Mai Shari'a Mamman Nasir, Galadiman Katsina, wanda ya rasu a 2019. Mawaƙi Mamman Shata kuwa, da ya taɓa siyasa a Funtua, a Daura aka rufe shi a 1999.

Masu diga da shebur nake yi wa jinjina. Su ke gyara kabarin da ya rufta da damina, su ke nuna wa jika makwancin kakansa. Allah Ya saka musu da alheri.