Hannun Goggo a Rumfar Kafinta

A Magariya, da zarar an sa ranar biki sai hankalin gidan amarya ya koma kan kayan ɗaki. Uba ya sayar da gyaɗa ko riɗi, wani ya kai sa kasuwa, uwa ta kwashi adashinta, kuɗin shekara da shekaru su taru wuri guda. Sai dai ba kowa ake danƙa wa kuɗin nan ba. Kusan kowane dangi suna da mace guda, goggo ko inna, wadda aka san in ta zaɓi gado to sai an yi goyon fari da na biyu a kansa bai ko yi ƙara ba. Ni ina ganin abin da matan nan suka iya ilimi ne cikakke, kuma ya cancanci a tsaya a dube shi.

Ka lura da ita in ta shiga rumfar kafinta. 'Yammatan da suka rako ta suna can wajen madubi da fenti mai walƙiya, ita kuwa ta zagaya bayan gadon, inda ba a shafa komai ba. Nan katako yake nuna gaskiyarsa. Ta ƙwanƙwasa da yatsa ta saurara, ta kafa farce ta ga ko zai shiga, ta ɗaga gefe guda ta ji nauyi. Ɗanyen katako yana da sanyi a tafin hannu da wani nauyi na ruwa, kuma ta san abin da zai same shi. Iskar hunturu za ta tsotse shi daga Disamba zuwa Fabrairu, ya tsuke, ya tsage, ƙofar kabad ta karkace ta ƙi rufuwa. Shi ya sa tambayarta ta farko ita ce, "Ɗana, yaushe katakon nan ya shigo hannunka?" In ya ce jiya aka sauke shi, sai ta ce a bari ya sha iska tukuna.

Daga nan sai ta duba ƙasa. In ta ga ɗan gari mai laushi ya zubo a ƙarƙashin katako, da ƙananan huji kamar na allura, ƙwaro ya riga ta, ciniki ya mutu.

Babban abin da take tsoro shi ne gara. Yankin Magariya da Dungas yana cikin wuraren da suka fi samun ruwan sama a Nijar, ɗakuna da yawa kuma na ƙasa ne, don haka gara ba ta da wuyar isa ga kaya. Farin katako mai taushi abincinta ne. Jan katako, irin maɗaci da danginsa da ake hawowa da su daga kudu, ya fi jure mata, ko da yake ya fi tsada. Goggo ba ta dogara ga katakon kaɗai. Takan nemi gado da kabad masu ƙafafu, waɗanda suka tashi daga daɓe har tsintsiya ta wuce ƙarƙashinsu, domin a ga hanyar gara tun ranar da ta fara gini. Ranar jere ma ita ce za ka ji tana cewa a janye kabad daga bango, a bar tazarar tafin hannu. Masassaƙa sun san haka tun tuni: kirya suke nema don turmi da kujerar tsuguno saboda taurinta, gawo kuwa, da ya cika gonakin Magariya da Matamai da Mirya, itacensa ba ya daɗewa, amfaninsa yana tsaye a gona yana ba ƙasa taki.

Akwai kuma allon nan na garin katako da aka matse da gam aka lulluɓe da leda mai sheƙi. Kyau kam ba a magana, ya fi kowane kaya ɗaukar ido. Amma ɗigon ruwa daga rufi a watan Agusta ya ishe shi ya kumbura, kuma in aka kwance ƙusarsa sau ɗaya ba ta sake kamawa. Goggo tana lissafin abin da amarya ba ta tunani: wata rana za a tashi daga ɗakin nan zuwa wani, a ɗora kaya a amalanke, a bi yashi da gargada. Kayan da ba za su jure kwancewa da ɗaurawa ba, a wurinta na haya ne.

Inda na fi sha'awar aikinta shi ne wajen haɗi. Takan dafa kan gado ta girgiza shi da ƙarfinta duka. Gadon da aka fafe katakonsa aka cusa ɗaya cikin ɗaya aka sa gam, ko gezau ba ya yi. Wanda aka buga wa ƙusa kawai sai ya yi rawa. Ta ɗaga katifa ta ƙirga katakan da ke ɗauke da ita, ta auna tsakaninsu da yatsu, ta duba ko akwai ƙafa a tsakiya, domin nan ne gado yake fara lotsawa. In na ƙarfe ne, kaurin bututun take dubawa da inda mai walda ya haɗa, ko ya zagaye shi da wuta ko ya ɗiga ne kawai ya rufe da fenti. Kan gado mai yadi da maɓallai da lunguna kuwa ba ta cika so ba, don maɓoyar kuɗin cizo ne.

Katifa takan zo daga Kano ko Daura, ta shigo ta Babban Mutum, ko ta Maigatari ga mutanen Dungas, kuma sunaye irin Mouka da Vitafoam kowa ya san su. Goggo ba ta tsayawa ga sunan da ke jikin leda, don ta san ana yin jabu. Ta dunƙule hannu ta danna soso ta saki. Mai kyau yakan taso nan take, kuma in ka ɗaga shi za ka ji ya fi kamanninsa nauyi. Mai laushin da ke nutsar da mutum ranar farko shi ne yake zama rami kafin shekara ta zagayo, ya bar mai shi da ciwon baya.

Kujera kuwa sai ta zauna a kai, ba ta gaggawa. Tafin ƙafarta ya taka ƙasa? Bayanta ya samu madogara? Sa'an nan ta miƙe ba tare da ta dafa komai ba, domin tana tuna surukar da za ta zo ganin ɗaki da ciwon gwiwa, da amaryar kanta in ciki ya tsufa. Ta fi son yadi mai kauri da ake cirewa a wanke ƙurar hunturu, ta guji leda mai kama da fata, wadda zafin Afrilu yake sa ta manne wa jiki kafin ta fara ɓarewa.

Sai duk wannan ya wuce take zaro igiya daga jaka, wadda ta ƙulla a gida daidai faɗin ƙofar ɗakin amarya da tsawon bangonsa. Ta gwada a jikin kabad, ta gwada a gado. In sun shiga, a lokacin ne take gyara mayafi ta ce, "To Malam, a naira za mu yi magana ko a sefa?"